Gemun Hama da Haƙoran Jaki

Cha'ibu marubucin maigari azzalumi ne, kuma da alƙalami ya yi zaluncinsa. Ya cire shekara goma sha biyu daga kan ɗansa ya ɗora wa ɗan maƙwabciyarsa, don a kai yaro ɗan shekara tara soji, a bar ƙato a gida yana cin tuwo. Ba kuskure ya yi ba. Yana zaune a kan tabarma, cikinsa a ƙoshe, ya tsoma alƙalami a tawada ya aikata.

Abin ya faru a Tungar Baƙo, wani ƙauyen masunta da manoman shinkafa da ke bakin kogi, ƙasa da Tunuga, a shekara ta 1953. A ƙauyen nan ba wanda ya san shekarunsa da lamba. Mutum zai ce maka an haife shi shekarar da fara ta cinye gonaki, ko shekarar da ruwa ya ci kasuwa, shi ke nan. Amma Nasara lamba suke so. Don haka aka ba maigari wani babban littafi da ake kira kaye, a rubuta sunan kowa da shekarunsa. Maigari tsoho ne, ba ya karatun boko, sai ya miƙa wa Cha'ibu, wanda ya taɓa yin shekara uku a lekol ɗin Gaya, wato makarantar boko, kafin a koro shi.

Abin da Cha'ibu ya fara yi da kayen shi ne ya yi wa kansa gyara. Ya ji an ce Nasara na sallamar marubuci in ya tsufa, sai ya rubuta wa kansa shekara ashirin da bakwai, ya tsaya a nan. Duk sa'ad da gara ta cinye kaye aka kawo sabo, sai ya sake rubuta ashirin da bakwai. Shekara ashirin da biyar ke nan yana ɗan ashirin da bakwai. Furfura ta fito, yana bin ta da baƙin tukunya.

A wannan shekara takarda ta zo daga Gaya: kowane ƙauye ya ba da namiji ɗaya, tsakanin shekara ashirin zuwa ashirin da takwas, don Faransa na yaƙi a wata ƙasa mai nisa da ake kira Andoshin. Kafin gardin da ya kawo takardar, wato ɗan sandan Nasara, ya gama shan ruwa, samarin Tungar Baƙo sun watse. Wasu sun tuƙa kwalekwale sun haye Dahome, wasu sun bi hanyar Kamba sun faɗa ƙasar Ingilishi. Saurayi ɗaya ya rage, Seyni ɗan Cha'ibu, ɗan kokawa mai shekara ashirin da ɗaya, wanda jiri ke ɗibarsa in ya shiga kwalekwale, kuma yake ganin tafiyar ƙafa zuwa Kamba wahala ce.

Cha'ibu ya buɗe sabon kaye. Gaban sunan Seyni ya rubuta tara. Ya ma ji daɗin hakan, domin ya daɗe yana damuwa da yadda ɗan ashirin da bakwai zai haifi ɗan ashirin da ɗaya. Sa'an nan ya sauko gaban sunan Hama ɗan Zuwera, ya rubuta ashirin da ɗaya.

Ba don kome ya zaɓi Hama ba sai don Hama na da gemu.

Hama shi ne ɗa na uku ga Zuwera mai bandar kifi. Ubansa na can ƙasan Yawuri wajen kamun kifi, ba a jiransa sai damina. An haifi yaron da tabo mai duhu a bayansa, ya faro daga wuya ta ɓangaren dama ya sauko har ƙugu. Bakin tabon a ciccije yake kamar gaɓar da ruwa ya ci, amma da ya iso tsakiyar baya sai ya tsaya cak, kamar an ja masa zare. Yana ɗan shekara shida muryarsa ta fashe. Yana bakwai gashin baki ya tsiro. Da ya kai tara ya fi uwarsa tsawo, wanzami na zuwa kowace Juma'a ya gyara masa gemu, sai an ba shi guntun rake yake yarda ya zauna. Cinyarsa ta dama ta lanƙwashe kamar baka. Sau biyu ta karye, sau ɗaya da ya diro daga kan turmi, sau ɗaya da ya yi tuntuɓe da kaza.

Baƙi kan durƙusa su gaishe shi. Wani fatake ya taɓa tambayarsa ya iyali, Hama ya fashe da kuka ya ruga bayan zanen uwarsa, wanda bai isa ya ɓoye ko rabinsa ba. Bokaye uku Zuwera ta kai shi. Na fari ya ce kakansa ne ya dawo bai tsaya ya yi ƙuruciya ba. Na biyu ya ce aljanin ruwa ne ya shafa masa baya da hannu ɗaya. Na uku ya dubi Hama ya ce, "To ina yaron?" Daga nan ta daina yawo. Ta dai san abu ɗaya: ita ta haife shi, damina tara ke nan.

Ranar da gardi ya dawo ɗaukar mutum, ya tarar da Hama zaune a ƙofar gida yana gina shanun laka. Ya karanta sunan, ya dubi gemun, ya ce ya tashi. Zuwera ta fito daga bayan murhun banda da hayaƙi a idonta, ta ji abin da ake ciki, ta wuce kai tsaye zauren Cha'ibu.

"Malam Cha'ibu, me ka rubuta wa ɗana?"

"Abin da na gani," in ji Cha'ibu, bai ko ɗaga kai ba.

"Ba kai ka ci naman sunansa ba? Har ka tafi da ƙafar rago a aljihu, man ya ɓata maka riga?"

"Na ci. An daɗe ƙwarai."

"Damina tara!"

"Baiwar Allah, ke kifi kike ƙirgawa, ni mutane. Kowa ya tsaya a kan aikinsa."

Seyni na kwance a gefe yana cin gyaɗa, cinyarsa ɗaya ta kai turmi. Zuwera ta nuna shi da baki. "Wannan fa? Nawa ka ba shi?"

"Yaro ne. Girman jiki ne kawai, gadon dangin uwarsa."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Kayen ya riga ya sha hatimi," in ji Cha'ibu. "Ko Allah ya isa ɗin, sai ta bi ta biron kumandan."

Wannan magana kaɗai ta isa a san irin mutumin.

Zuwera ta koma gida tana tunanin shaida. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta rasu. Maigari ba ya ji sai an yi masa ihu, in ya ji kuma sai ya ce a tambayi Cha'ibu. Mazan ƙauye ba wanda zai taka Gaya ranar ɗaukar soji, ko da kuwa ya kai saba'in. Tana tsaye tsakar gida sai jakinsu ya yi kuka. Nan ta tuna. Safiyar da ta haifi Hama, ungozoma ta fito zubar da ruwa ta tarar jaka ta haifi wannan jakin a bakin ƙofa. Duk ƙauye ya sani, har ana tsokanar Hama da cewa tagwaye ne. Kuma kowane ɗan kasuwa ya san ana gane shekarun jaki a bakinsa.

Ta ɗora Hama a kan jakin saboda ƙafarsa, ta riƙe igiya, suka bi gardi. Cha'ibu na gaba da kaye a hammata, Seyni na riƙe masa laima.

Hantsi ya yi suka isa Gaya. An kafa tabur ƙarƙashin itatuwan maɗaci gaban biron kumandan, wato ofishinsa, ga ma'aunin nauyi, ga sandar awon tsawo. Kumandan na zaune yana fifita da hularsa. Gefensa akwai likita, wani siririn mutumin Dahome da ya yi karatu a Dakar, yana jin Hausa amma a karye. Mai tsara layi kuma mai fassara shi ne wani tsohon sarjan, wanda ya yi yaƙin duniya yana kiwon alfadaran soji.

Samari kusan arba'in ne a layi, daga Bana, daga Zabori, daga ko'ina, kuma dukansu guragu ne. Wanda ba ya ɗingishi yana tari. Wani ya zo yana jan ƙafar hagu, da aka kira sunansa ya ruɗe ya koma jan ta dama. Sarjan ya saba. Duk wanda ya zo yana ɗingishi sai ya daka masa tsawa daga baya, mutum ya yi tsalle ya dira a kan ƙafa biyu lafiyayyu, a rubuta shi.

Aka kira Hama. Ya sauko daga kan jaki ya nufi tabur yana tangaɗi, saniyar laka a hannunsa. Sarjan ya lallaɓa ta baya ya daka tsawa. Hama bai yi tsalle ba. Ya zauna a ƙasa ya buɗe baki da muryar ƙaton namiji ya ce, "Inna! Ya yi mini ihu!"

Layi ya ɗauki dariya. Sarjan ya ce, "Wannan ya fi su iyawa. Shekara takwas ina wannan aiki, ban ga gwani irinsa ba."

Zuwera ta kutsa ta tsaya gaban tabur da igiyar jaki a hannu. "Ranka ya daɗe, ɗana shekararsa tara."

Sarjan ya juya maganar. Kumandan ya dubi Hama, ya dubi kaye, ya tambayi Cha'ibu. Cha'ibu ya amsa da Faransanci mai yawan sunkuyo, ya taɓa goshinsa da yatsa yana nuna Zuwera.

"Kumandan ya ce kina da shaida?" in ji sarjan.

"Ga shi."

"Wa?"

"Jakin. Rana ɗaya aka haife su. Ka buɗe bakinsa ka gani."

Sarjan ya so ya kore ta, amma tsohon aiki ya motsa masa. Shekara takwas rabonsa da duba bakin dabba. Ya ajiye bulalarsa, ya kama leɓen jakin ya ɗaga, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya shafa da babban yatsa. Ya miƙe ya ƙame.

"Mon kumandan, jakin nan shekararsa tara. In na yi ƙarya a cire mini galo, a sauke ni daga sarjan."

Kumandan ya yi nazari, ya yi magana a hankali, sarjan ya fassara: "Kumandan ya gamsu. Jakin bai kai shekarun soji ba. An sallame shi."

"Yaron fa?"

"Yaron na cikin kaye. Jakin ba ya ciki. Ba a haɗa abin da ke cikin kaye da abin da ba ya ciki."

Zuwera ta waiwaya. A can gefe kamyo, babbar motar soji, na tsaye, an riga an fara loda waɗanda aka aske wa kai. Ta dubi Hama yana share hawaye da gemunsa, ta tuna ko fitsarin kwance bai daɗe da dainawa ba. Sai ta ɗaga murya yadda take yi a kasuwar kifi.

"To ku yi masa adalcin da kuka yi wa jaki! Ku buɗe bakinsa!"

Likita ne ya taso. Tun ɗazu yake kallon tafiyar yaron, domin ya ga ƙafar ba irin ta sauran guragun layi ba ce. Ya durƙusa gaban Hama ya ce, "Malam... a'a, yaro... buɗe baki." Hama ya buɗe. Likita ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Ya taɓa wani haƙori a gefe, haƙorin ya yi rawa.

"Kar ka cire mini!" in ji Hama. "Inna ta ce da kansa zai faɗi."

Likita ya miƙe ya gaya wa kumandan cewa bakin nan cike yake da haƙoran nono, kuma duk duniya ba ɗan shekara ashirin da ɗaya da ke famfara. Kumandan ya ƙirga da yatsunsa. Sarjan ya fassara wa Zuwera hukuncin: "Kaye ya ce babba ne. Gemu ya ce babba ne. Haƙori ya ce yaro ne. Biyu sun rinjayi ɗaya."

"Ni fa da na haife shi?"

"Ke uwa ce. Uwaye duka haka suke cewa."

Likita ya jawo Zuwera gefe, ya nuna mata takardar da yake cikawa, ko da yake ba ta karatu. "Uwar yaro, duba nan. Gida biyu ne kawai. Wannan, ya iya. Wannan, bai iya ba. Babu gidan shekaru. Shekaru aikin kaye ne, ba nawa ba. In na sa bai iya ba, dole in rubuta sunan ciwo a ƙasa."

"Ka rubuta gurgu ne."

"Yau kowa gurgu ne. Kumandan ya hana a rubuta gurgu tun bara."

"Ka rubuta yaro ne."

"Yaro ba ciwo ba ne."

"To sunan me kake so?"

"Sunan da ke cikin littafi. Kamyo zai tashi bayan la'asar. Ki kawo shi gidan likita yanzu."

Gidan likitan ɗaki biyu ne da baranda. Likita ya sa Hama ya cire riga, yana ganin bayansa ya tsaya. Ya bi bakin tabon da yatsa, duk inda ya ciza ya shiga, duk inda ya fito. Ya ɗauko zare ya miƙa daga ƙeya zuwa ƙugu, tabon bai ƙetare zaren ba ko da faɗin ƙwayar gero. Ya kwantar da shi ya auna ƙafafu, ta dama ta gaza da yatsa uku. Ya latsa cinyar, ya ji inda ƙashi ya kumbura ya karkace. Ya shafa fuskarsa, ya ga ƙashin kumatun dama ya fi na hagu tudu, abin da Zuwera kanta ba ta taɓa lura da shi ba.

Sa'an nan ya shiga tambaya. Da tabon aka haife shi? Da shi. Yaushe murya ta canja? Yana shida. Sau nawa ya karye? Sau biyu. Me ya karya shi?

"Turmi da kaza," in ji Zuwera.

"Kaza ta faɗo masa?"

"Shi ya faɗa kanta. Kazar ba ta ji kome ba."

"A danginku ko na ubansa akwai mai irin wannan?"

"Babu. Ubansa ma har yau gemunsa bai haɗu ba."

Likita ya buɗe wani akwatin ƙarfe cike da littattafai da mujallun da ake aiko masa daga Dakar, waɗanda ba ya samun lokacin karantawa. Ya zauna a ƙasa yana ta buɗawa. Ya duba babin ƙashi, ya sami lanƙwasar amma ba gemu. Ya duba babin fata, ya sami tabo iri goma sha wani abu, amma duk bakinsu sumul. Azahar ta yi. Zuwera ta yi salla a baranda, ta roƙi Allah abin da ba ta taɓa zaton uwa za ta roƙa ba, wato a samo wa ɗanta ciwo mai suna. Daga inda take tana jiyo ana zuba wa kamyo ruwa.

Inuwa ta fara tsawo sai likita ya yi wata ƙara, ya taso da mujalla a hannu, gara ta ci gefenta. Akwai hoton bayan wata yarinya Baturiya, ga tabo nan mai ciccijen baki ya tsaya a tsakiya. Ga hoton ƙashin cinya a lanƙwashe.

"Ga shi! Abu uku ne, kuma ciwo ɗaya ne. Ni ina ta neman su ɗaya-ɗaya."

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausarsa mai tuntuɓe. Ya ce a cikin jiki akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ke zuba ruwansu cikin jini, su ke gaya wa jiki lokacin balaga ya yi. Na Hama sun yi kira da wuri, kamar ladanin da ya kira la'asar da hantsi, jiki kuma ya tashi ya bi. Ƙashinsa kuwa, a wasu wurare inda ya kamata ya cika da ƙarfi, wani abu ne mai kama da soso ya cika wurin, shi ya sa yake lanƙwasa yake karyewa. Tabon kuma alamar abin ce a waje. Ya ce an fi ganinsa ga 'yan mata, ga maza sai jefi-jefi, shi kansa bai taɓa zaton zai gan shi da idonsa ba.

"Wa ya yi masa?" in ji Zuwera.

"Ba kowa. Da shi aka halicce shi tun yana ciki. Ba maye, ba aljani, ba abin da kika ci. Ba ya kama wani."

"Maganin fa?"

Likita ya naɗe mujallar. "Babu, uwar yaro. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ki hana shi tsalle, ki hana shi ɗaukar kaya. A yi masa takalmi mai tudu a dama. Zai daina tsawo da wuri, sa'o'insa za su kamo shi, wasu su wuce shi. Kuma ki riƙa tunawa yaro ne, ko da kowa ya manta."

Zuwera ta dubi Hama. Shekara tara tana neman wanda zai gaya mata gaskiya, yau ta samu, gaskiyar kuma ba ta da daɗi. Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Yana da suna?"

"Yana da shi. Sunan wani likitan Amerika ne."

"To rubuta, ka cika gidan da kyau."

Suka koma ƙarƙashin maɗaci ana kiran la'asar. Likita ya ajiye takardar da mujallar gaban kumandan. A ƙasan gidan bai iya ba ya rubuta Albright da manyan baƙaƙe. Kumandan ya karanta mujallar, ya zagayo ya dubi bayan Hama, ya koma ya dubi hoton. Fuskarsa ta washe. Ya tambaya ko kumandan Doso na da irin wannan a ƙasarsa. Likita ya ce da wuya, watakila ko Yamai babu. Kumandan ya buga hatimi da ƙarfi har tawada ta fantsama.

Sarjan ya ce, "Kumandan ya sallami Hama, ɗan shekara ashirin da ɗaya, saboda ciwon balaga da wuri."

Zuwera ba ta yi gardama a kan lambar ba. Ta kama hannun ɗanta.

Cha'ibu ya naɗe tabarmarsa zai sulale, sai kumandan ya ɗaga yatsa. Takarda ta ce Tungar Baƙo mutum ɗaya, kuma gurbin mutum ɗaya na nan a kamyo. Ya karɓi kayen da kansa ya bi shi da yatsa, sarjan na kiran sunaye. Wannan? Yana Dahome. Wannan? Yana ƙasar Ingilishi. Haka har shafi na ƙarshe, inda marubuci ya sa nasa sunan da ado da lanƙwasa.

"Cha'ibu, ashirin da bakwai," in ji sarjan. "Yana nan?"

Zuwera, wadda ta riga ta kai bakin hanya, ta tsayar da jaki.

"Yana nan," in ji ta. "Ga shi can ƙarƙashin laima."

Cha'ibu ya zube gaban tabur. "Mon kumandan, kuskure ne! Shekarata hamsin da biyu!"

"Kumandan ya ce wa ya rubuta kayen?"

"Ni ne, amma..."

"Kumandan ya ce kayen ƙarya ne? In ƙarya ne ka faɗa, akwai hukuncin mai yi wa gwamnati ƙarya a takarda, kuma ya fi soji tsawo."

Cha'ibu ya dubi kayen. Gumi ya kwaso baƙin tukunya daga gemunsa yana ɗiga a kan riga. Ya juya ya fizgo Seyni. "Ga ɗana! Ku dube shi! Shekararsa ashirin da ɗaya, lafiyayye, ɗan kokawa! Shi ya kamata ku ɗauka!"

"Baba!" in ji Seyni.

Sarjan ya duba kaye. "Seyni, tara." Ya ɗaga kai ya dubi ƙaton daga sama har ƙasa, ya juya ga likita. "Ko shi ma ciwon ne?"

Likita ya duba bayan Seyni, ba tabo. Ya duba ƙafa, miƙe take kamar ginshiƙi. "Wannan ba shi da kome. Ƙoshi ne."

Kumandan ya tambaya ko yaron na zuwa lekol. Aka ce ba ya zuwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce wane irin uba ne zai bar ɗan shekara tara ba karatu, alhali mushen lekol, wato malamin makarantar, na kukan ba a kawo masa yara daga ƙauyukan bakin kogi. Nan take ya sa aka rubuta Seyni a aji ɗaya.

Aka ɗora Cha'ibu a kan ma'auni, nauyi ya kai. Aka jingina shi da sanda, tsawo ya kai. Ya fara ɗingishi, sarjan ya daka masa tsawa daga baya, ya yi tsalle ya dira a kan ƙafa biyu. Ya kama rigar likita yana cewa, "Ka duba bakina! Ka duba haƙorana, kamar na jakin!" Likita ya duba. Goro ya rina su, amma talatin da biyu ne cif, ba wanda ke rawa.

"Kai ma ka san na tsufa," in ji Cha'ibu.

"Na sani. Amma ba ni da gidan shekaru. Shekaru aikin kaye ne." Ya sa alama a gidan ya iya.

A kan hanyar komawa haƙorin Hama ya faɗi. Ya nuna wa uwarsa yana dariya da wawulo a tsakiyar gemu, ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ta ce ya riƙe jaki da kyau kar ya faɗo.

Seyni ya yi shekara biyu a aji ɗaya da gajeren wando, bencin bai ɗauke shi ba sai a ƙasa yake zama. Cha'ibu kuwa an aske masa kai, an ba shi lamba, an sa shi a kamyo. Shekara uku ya yi yana wanke tukwanen soji, kuma ba a sake ba shi alƙalami ba.